Merang mai koko da kayan ƙamshi: amsoshin tambayoyin da kuka fi yi mini

Tun ranar da na kai kwalba biyu na wannan biskit wajen walimar saukar ƙanwata a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi, ban huta da tambaya ba. Wasu a waya, wasu a gidan biki, wasu kuma sai sun gwada ya lalace sannan su zo mini da guntunsa a leda su ce in duba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wai mene ne merang ɗin nan, kuma me ya raba shi da biskit ɗin da muka sani?

Farin ƙwai ne da sukari. A buga su har su zama kumfa mai kauri da sheƙi, a ɗiɗɗiga a tire, a sa a obin. Ba ya buƙatar fulawa ko bota ko yis. Sunan daga Faransa ya zo, yana cikin littattafan girkinsu tun ƙarshen ƙarni na 17. In kin sa a baki za ki ji ƙaras, kafin ki tauna sau biyu ya narke. Gwaggona da ta ɗanɗana cewa ta yi, "Wannan ai alewar iska ce," kuma ba ta yi ƙarya ba, don iskar ce ta fi yawa a cikinsa.

Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran furotin. Bugu yana warware furotin ɗin ya naɗe ƙananan ƙwayoyin iska, sukari ya riƙe ginin, zafi kuma ya kore ruwan. Don haka ki sa a ranki cewa shanya za ki yi a cikin obin, kamar yadda mai kilishi ke jiran nama ya bushe. Duk wadda ta shiga kicin da niyyar gashi irin na kek, ƙonanne za ta fitar.

Me da me zan tanada, kuma nawa-nawa?

Ga awon da nake yi kullum: farin ƙwai 3 na manyan ƙwai, sukari giram 150, garin koko babban cokali 2, kirfa rabin ƙaramin cokali, citta rubu'in ƙaramin cokali, kanumfari ɗan abin da yatsu biyu za su ɗebo, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1, sai gishiri kaɗan. Wannan yana ba ni tsakanin 30 zuwa 40 in na yi su ƙanana kamar goro.

Ƙa'idar ita ce giram 50 na sukari ga kowane farin ƙwai ɗaya. In ba ki da sikeli, gwangwanin madara ɗaya da ɗan tozo ya kusa giram 150 ɗin. Amma in har za ki riƙa yi, ki daure ki sayi ƙaramin sikelin kicin, don ƙwan da ake sayarwa a kiret ba girmansu ɗaya ba.

Koko kika ce? Na ƙosai?

Wannan tambayar an yi mini ita fiye da sau biyar, kuma ba ta ban dariya ba ce, sunan ne ya zo ɗaya. Garin kokon da nake nufi shi ne na 'ya'yan itacen da ake nomawa a kudu, a jihohi irin su Ondo da Osun da Kuros Riba, wanda da shi ake yin cakulan. Gari ne mai duhun ruwan ƙasa, mai ɗaci, babu sukari ko madara a ciki. Masu sayar da kayan kek a kasuwar Wunti da manyan kantunan cikin gari suna da shi. Ki ce musu na kek kike so.

Ba zan iya sa Milo ko Bournvita a madadinsa ba?

Za ki iya, amma ba zai ba ki abin da kike nema ba. Waɗannan an riga an haɗa su da sukari da madara da sauransu, kokon da ke ciki kaɗan ne. Merang kuwa dama zaƙinsa ya isa, ɗacin koko zalla ne ke karya shi. In kika sa na shayi, zaƙi ya hau kan zaƙi, launin ya fito fari-fari, kuma madarar cikinsa tana sa kumfar ta kwanta da wuri. Dalilin kwanciyar yana cikin amsar da ke biye.

Na buga har hannuna ya gaji, ya ƙi tashi. Me ya faru?

Maiƙo ne, kusan kullum. Ɗigon gwaiduwa ɗaya da ya faɗa cikin farin ya isa ya hana shi tashi, haka ma kwanon da aka wanke sama-sama bayan an ci miya da shi, ko maburgin da aka kaɗa bota da shi jiya. Roba ta fi kowa laifi, don ko an wanke ta da sabulu tana riƙe maiƙo a jikinta. Ki yi amfani da kwanon silba ko tangaran ko gilashi, ki goge cikinsa da ɓarin lemon tsami, ki bar shi ya bushe ƙayau kafin ki zuba ƙwai.

Wajen raba ƙwan ki ajiye kwano uku: ƙarami wanda za ki fasa kowane ƙwai a kansa, ɗaya na gwaiduwa, sai babban da farin zai taru. Sai kin ga farin ya fita tas sannan ki juye shi a babban. Ta haka in gwaiduwar na uku ta fashe, ba ta ɓata miki na farko da na biyu ba. Wannan ya fi muhimmanci a watan Maris da Afrilu, lokacin da ƙwai ke kwana a shago cikin zafi, gwaiduwarsa ta yi laushi, da kin fasa sai ta baje. In kina da firji, ki sa ƙwan ya yi sanyi kafin ki raba, ya fi rabuwa da sauƙi. Bayan kin raba ki bar farin ya huce sanyin na kamar minti 20, don wanda ba shi da sanyi ya fi tashi.

In kuwa gwaiduwa ta riga ta shiga, kada ki wahalar da kanki. Ki soya wa yara shi, ki fasa sabo.

Yaushe ake zuba sukarin, kuma ta yaya zan san bugun ya isa?

Ki fara buga farin da lemon tsami da gishiri har ya yi fari kamar kumfar sabulu, in kin ɗaga maburgi ya bar tsini mai lanƙwasa kai. A nan ne sukari zai fara shiga, cokali ɗaya-ɗaya, kina bugawa tsakanin kowane cokali. In kika juye shi gaba ɗaya nauyinsa zai danne kumfar. In kuma kika jima kina bugun farin shi kaɗai ba sukari, zai wuce gona da iri, ya yi gudaje-gudaje kamar madarar da ta tsinke, ruwa ya kwanta a ƙasa. Wanda ya kai nan ba ya gyaruwa.

Alamu uku nake dubawa. Ya yi sheƙi kamar man shafawa. In na ɗaga maburgi tsinin ya tsaya cak. In na murza kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, ban ji tsakuwar sukari ba. Na ukun shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke jawo matsalar da na yi bayani a amsar zufa a ƙasa. Da injin bugu, aikin yana ɗaukar minti 8 zuwa 10. Da hannu ki shirya wa minti 20 ko fiye, ki samu wadda za ku riƙa karɓa-karɓa.

Sukarinmu na kasuwa manyan ƙwayoyi gare shi, ya ƙi narkewa. Ya zan yi?

Hanya mafi sauƙi ki zuba shi a busasshiyar bilenda ki ba shi daƙiƙa 20 zuwa 30, ya yi laushi amma kada ya zama hoda. Ko ki daka a turmin da ba a daka kayan miya a ciki.

Akwai kuma hanyar da ake dangantawa da Suwizalan, wadda ni na fi so in babu wutar lantarki. Ki haɗa farin ƙwan da sukarin duka a kwanon silba, ki ɗora shi a bakin tukunyar da ruwa ke ɓararraka a hankali, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. Ki yi ta juyawa ba tsayawa har sukarin ya narke sarai, haɗin ya yi zafin da yatsa ba zai jima a ciki ba. Sai ki sauke ki buga har ya huce ya yi kauri. Kumfar da wannan hanya ke bayarwa ta fi ƙarfi, ta fi jure wa koko, biskit ɗin kuma ya fi cika ciki. Hatsarinta ɗaya ne: in kika bar juyawa kika je amsa sallama, za ki dawo ki tarar da wainar ƙwai mai zaƙi.

Da na zuba kokon sai komai ya kwanta ya zama ruwa. Ina na yi kuskure?

Garin koko yana da mansa na asali, wani kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wani ya haura 20. Man nan maƙiyin kumfa ne kamar gwaiduwa. Shi ya sa ba a zuba shi tun farko, kuma ba a buga shi da inji. Sai merang ya gama tashi tsaf, sannan ki haɗa kokon da kayan ƙamshin ki tankaɗe su a kai da rariya. Ki ɗauki babban cokali ki riƙa ɗagowa daga ƙasan kwano kina kifawa a sama, kina juya kwanon, kamar sau 10 zuwa 12. Ki tsaya tun kina ganin zane-zanen fari da ruwan ƙasa. Zanen ma ado ne in ya bushe, kuma duk juyin da kika ƙara iska kike fitarwa.

Daga nan babu jira. Obin ya riga ya yi zafi, tire na shimfiɗe da takardar gashi. Kada ki shafa wa tiren mai kamar na kek. Ki ɗiɗɗiga da cokali biyu, ko ki zuba a ledar kwalliyar kek ki matsa.

Wane kayan ƙamshi ne ke tafiya da koko?

Kirfa ce uwa. Ita da koko sun daɗe tare. Mutanen Meziko, inda aka sha koko tun kafin Turawa su san shi, har yau suna haɗa cakulansu da kirfa, wasu da ɗan barkono. Citta busasshiya tana ba shi ɗan zafi a maƙoshi bayan zaƙin ya wuce. Kanumfari yana da ƙarfin hali, in ya yi yawa sai ki ji kamar maganin haƙori kike tsotsa, don haka ɗan kaɗan ya isa. Gyaɗar ƙamshi a goga ta sabuwa, ita ma kaɗan.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa masoro ne. Rubu'in ƙaramin cokali a awon da na bayar, a daka shi lukui, yana sa mutum ya tsaya ya ce me kika sa a ciki. Maza da ke cewa ba sa shan zaƙi, da mai masoron suke fara miƙa hannu. Kimba na gwada sau biyu, ƙamshin hayaƙinta yana danne kokon, ban sake ba. Duk wanda za ki sa, ki saya da ƙwayarsa a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ki daka da kanki, ki tankaɗe. Garin da ya shekara a leda a rana ba abin da ya rage masa sai launi.

Wata ta tambaye ni ko yajin tsire zai yi tunda shi ma kayan ƙamshi ne. A'a, Hajiya. Akwai ƙuli-ƙuli da gishiri da magi a ciki.

Cakulan na sanda fa, ko gyaɗa da riɗi?

Duk suna shiga, amma a ƙarshe tare da koko, kuma a bushe. Cakulan ki yayyanka shi ƙanana ko ki goga, kamar giram 50. Kada ki narkar da shi ki zuba cikin kumfa. In narkakken kike so, ki bari biskit ya bushe ya huce, ki tsoma gindinsa. Sai dai man koko yana narkewa a wajen digiri 34, zafin Bauchi kuwa a bazara yana wuce haka, don haka mai tsomin na lokacin sanyi ne. Gyaɗa da riɗi a soya su ba mai, su huce, a farfasa gyaɗar, kada a niƙa ta har ta fito da mai.

Wane zafi ake sa obin, kuma minti nawa?

Digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga ƙanana. Ya yi in kin ɗaga ɗaya ya rabu da takarda ba gardama, gindinsa a bushe. Sai ki kashe obin ki bar su a ciki su huce tare da shi, aƙalla awa ɗaya. In kika fitar da su da zafinsu iska ta buge su, za su tsattsage. In kina son cikinsa ya ɗan yi taushi kamar tuwon madara, ki rage minti 15.

Mai koko yana da wayo ɗaya: launinsa dama duhu ne, ido ba zai gaya miki ya fara ƙonewa ba. Hanci za ki sa. Da kin ji ƙamshin ya juya zuwa na ƙonannen sukari, wutar ta yi yawa.

Obin ɗina na gas ne, ko na rage shi ƙarshe yana da zafi sosai.

Nawa ma haka yake. Yawancin na gas da muke da su, mafi ƙarancin wutarsu ta wuce digiri 100 nesa ba kusa ba. Karon farko da na yi, cikin minti 25 waje ya yi baƙi, ciki kuma danƙo kamar cingam. Abin da nake yi yanzu: in sa tire a can sama nesa da harshen wuta, in ajiye wani tiren babu komai a ƙasansa ya tare zafi, in saƙala muciya a bakin ƙofa ta bar ɗan tsagi. Tsagin yana rage zafi, yana kuma ba tururi hanyar fita. Ƙaramin ma'aunin zafi na cikin obin zai raba ki da canki-canki, don lambobin da ke jikin maɓalli ba kullum suke faɗin gaskiya ba.

In na lantarki ne kuma aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, kada ki buɗe ƙofa. Zafin da ke ciki zai ci gaba da busar da su, in an dawo da ita ki ƙarasa.

Ba ni da obin sam. Tukunya da yashi za ta yi?

Za ta yi, amma ta fi kek neman haƙuri. Ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ki ɗora murfin tukunya ko duwatsu uku a kai, faranti ya zauna a sama kada ya taɓa yashin. Gawayin ya zama wanda ya ci ya yi toka a jiki, ƙwaya kaɗan, kuma kada ki sa garwashi a kan murfi kamar yadda ake yi wa kek. Ki ɗan goce murfin don tururi ya fita, ki riƙa goge gumin da ke taruwa a cikinsa kafin ya ɗiga. In kin sa tafin hannu a cikin tukunyar kin kasa ƙirga goma, ta yi zafi da yawa, ki rage gawayi. Ki fara da farin ƙwai ɗaya har ki gane wutarki.

Tunda shanya ce, me zai hana in shanya a rana?

Ɗanyen ƙwai ne, kuma zafin obin yana dafa shi ban da busarwa. Rana ba za ta yi wannan ba, ga ƙuda ga ƙura.

Me ya sa nawa ke zufa, wani ruwa mai danƙo kamar zuma yana fitowa a jikinsa?

Ko dai sukarin bai narke ba tun a wajen bugu, ya narke a obin ya tsattsafo, ko kuma wuta ta yi yawa. In ruwan a ƙasa ya kwanta, yawanci bai gama bushewa ba ne aka fitar. Ki koma amsar bugu ki duba gwajin murzawa da yatsa, da amsar sukarin kasuwa.

Jiya da daddare yana ƙaras-ƙaras, yau da safe ya yi laushi yana manne wa hannu.

Sukari yana jan laimar da ke cikin iska, merang kuwa kusan duk sukari ne. A nan Allah ya ba mu abin da mutanen Legas da Fatakwal ba sa samu kamar mu: hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe ke tsagewa kuma wanki ke bushewa kafin ki gama shanya na ƙarshe, merang yana yin kyau ko a hannun 'yar koyo. Ki fara koyonki a lokacin.

Damina kuwa, musamman Agusta, sai da dabara. Na taɓa yin tire huɗu don sunan 'yar yayata, na jera su a faifai na rufe da mayafi mai tsabta na kwanta. Aka kwana ana ruwa. Da asuba na ɗaga mayafin ya taso da rabinsu manne a jikinsa, sauran sun haɗe wuri guda kamar alewar da ta kwana a aljihun yaro. Cincin aka raba a sunan nan. Tun daga ranar, da sun huce nake zuba su a kwalba ko gwangwanin madarar gari mai murfi gam, kuma ba na yin su a kicin ɗin da ake dafa tuwo a lokacin. Kada ki sa a firji, can ma laima ce. A rufe da kyau suna kai mako biyu a lokacin rani. In sun yi laushi, ki mayar da su obin a digiri 90 zuwa 100 na minti 10 zuwa 15, su huce a ciki, za su dawo.

Zaƙin ya yi mini yawa. In rage sukari, ko in sa zuma ko mazarƙwaila?

Kina iya saukowa zuwa giram 40 ga kowane farin ƙwai. Ƙasa da haka kumfar ba ta da abin da zai riƙe ta, biskit ya fito kamar soso. Gara ki bar sukarin yadda yake ki ƙara koko rabin cokali da ɗan gishiri. Zuma ruwa ce, kuma ta fi sukari jan laima, ba za ta bushe ba. Mazarƙwaila tana ba da ɗanɗano mai daɗi da citta, amma tana da damshi. Ki daka ta ki maye gurbin kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin kawai, ki kuma san cikinsa zai yi taushi. Mai ciwon sukari kam wannan ba abincinsa ba ne.

Ƙwan zabi ko na kajin gida zai yi? Gwaiduwar da ta rage fa?

Zai yi. Sai dai sun fi ƙanƙanta, gwaiduwarsu kuma ta fi cin wuri, don haka ƙirga ba za ta yi miki aiki ba. Ki auna farin ya kai giram 100, shi ne madadin manyan ƙwai uku. Ɓawon na zabi yana da tauri, ki fasa da bayan wuƙa a hankali kada gwaiduwar ta fashe. Ki tuna kuma ƙwan zabi da damina yake yawa, lokacin da laima ta fi damun merang, sai ki haɗa da shawarar ajiya da ke sama.

Gwaiduwar ki zuba ta a kwaɓin cincin ko kek, ko ki shafa a bayan mit-fai (meat pie) kafin gashi don ya yi ja. In ba yau za ki yi amfani da ita ba, ki zuba mata ɗan ruwa ya rufe ta, ki sa a firji, kada ta wuce kwana biyu.

Zan iya yin na sayarwa ko na kayan sallah?

Kayan haɗinsa ba su da yawa, kuma ba kowa ke yin sa a gari ba, wannan riba ce. Abin da za ki lissafa shi ne gas, don awa ɗaya da rabi obin na ci a kan tire ɗaya ko biyu, sai kuma fashewa. Ba ya jure leda mai laushi, balle a ɗaura shi a bayan ɗan acaɓa daga Yelwa zuwa cikin gari. Ki zuba a roba mai tauri mai murfi, ki cika ta yadda ba za su yi ta karo da juna ba, ki liƙe bakin da salatif. Kada ki haɗa shi a mazubi ɗaya da kek ko dubulan, zai sha damshinsu kafin a kai gidan surukai. Ki kuma gaya wa mai saye ta rufe bayan ta ɗiba, in ba haka ba gobe ke za ta kira ta ce kin sayar mata da wanda bai gasu ba.